Abin da Ƙafa Ta Sani

Ranar Asabar Graciete ta dawo daga shagon Albano
da gutsattsari huɗu cikin jakar cefane,
ta jera su a ƙofar kicin kamar 'yan takara:
tayil, katako, leda mai kwaikwayon katako,
da ɓawon itace da aka matse,
mai laushi kamar tafin jinjiri.
Ta ce, "Kada wanda ya ce uffan.
Gidan ne zai zaɓa."

Gidanmu kuwa ba shi da ta ido.
A nan Matosinhos teku maƙwabci ne marar sallama,
yashinsa na bin takalman Tomé har kan gado.
Farrusco yakan shigo da rabin titi a gashinsa,
ya girgije,
ya yi tseren da babu abokin karawa,
faratansa na rubutun da ba mai karantawa.
Kyanwa, in ka tambaye ta, ba ruwanta,
kofuna ne ke son faɗuwa in tana kusa.

Litinin Benedita ta saki kofin madara.
Tayil ko gezau, kofin ne ya riga mu gidan gaskiya.
Surukata Ondina, mai ƙarfe a ƙugu tun bara,
ta taɓa shi da yatsan ƙafa, ta janye:
"Sanyinsa irin gaisuwar mai bin bashi.
In ya jiƙe kuma, wa zai ɗaga ni?"

Katako na so, ba zan ɓoye ba.
Sai ya kwana gefen kwanon ruwan kare,
gari ya waye ya kumbura
kamar wanda aka zaga a gaban surukai.

Ɓawon itace ya lallashi gwiwar Xavier mai rarrafe,
ya haɗiye ƙarar tafiya,
har na ce an gama.
Kyanwa ta gwada shi da dare.
Ba sai na faɗa ba.

Saura leda.
Na karce ta da makulli, na ja kujera a kanta,
na zuba gahawa, na bar miyar kifi ta bushe.
Tsumma ɗaya,
ta dube ni da fuskar shanu.
Yuro ashirin da shida kowace mita, in ji Albano,
kauri ake saye, ba launi ba,
araha ba ta ado.
Graciete ta yi lissafi a bayan takardar wuta
ta ce hutun bana a falo za mu yi shi.

Ranar da ma'aikata suka zo ɓamɓare tsohon daɓe
ni na tsaya riƙe musu ƙofa.
Sai ga tabon dutsen guga,
inda mahaifiyata ta manta shi
ran da aka bugo waya daga tashar jiragen ruwa.
Ga ramin da diddigen Graciete ya huda daren bikinmu.
Ga layin keken Tomé, daga kicin zuwa bango,
da inda bangon ya yi nasara.
Ga katakon nan na uku daga taga
da ke kuka in an taka,
wanda ya tona ni sau ɗari ina satar dawowa.

Na ce, "Wannan ku bar mini."
Babbansu ya dube ni, ya dubi ruɓaɓɓen katako,
bai tambaya ba.

Yanzu wata biyar.
Sabon daɓe bai riƙe kowa a zuci ba:
madara, laka, fitsarin kwikwiyo,
duk yafewa yake kafin magariba.
Abin da muka biya ke nan, kuma ya cika alkawari.

Amma jiya da tsakar dare na tashi shan ruwa,
na iske ƙafata tana tsallake
wuri na uku daga taga,
kada ta tashi matar
da ta shekara tara ba ta gidan.